Cigiyar Wule

Azumin bana ya zo da zafi tun kafin a kai tsakiyarsa. Jiya da hantsi ina kishingiɗe a zaure, fanka na juya iska mai ɗumi, sai jikata da ke jami'a ta fito da kwamfutarta tana ƙunƙuni. Ta jera rubutun aikinta tsaf, ta bar fili a tsakiyar shafi don hoto, amma hoton da ta ɗauka da waya ya ƙi shiga. Wai na'urar ta ce ba ta san irinsa ba. Ta ɗan yi danne-danne, ta sauya masa kama, ya faɗa wurinsa kafin in gama gyara zama. Ta koma ciki abinta. Ni kuwa ta bar ni da wani azumi na daban, wanda na yi a Illela a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da ni ma na bar fili a tsakiyar shafi, na rasa yadda zan sa saniya a ciki.

Ba zan iya rantsuwa a kan shekarar ba, don ƙwaƙwalwata kan haɗa azumi biyu su zama ɗaya. Abin da na tabbata shi ne, daminar da ta gabace shi ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, kuma iyakarmu da Nijar a rufe take. Ban daɗe da gama jami'a ba aka turo ni daga Sakkwato in riƙe sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma. Sashen kuwa ni ne, da wani dattijo mai buga tafireta, Malam Isa, da injin gurza takarda da ake juyawa da hannu. Na zo da matata Asma'u, da mahaifiyata Inna, wadda ta ƙi zaman birni bayan rasuwar mahaifina.

Azumi ya kama a ƙarshen bazara. Da asuba akan sami ɗan sanyi kamar na aro, kafin hantsi an karɓe shi. Daga nan zafi ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, ƙasa ma tana fitar da nata, ya ratsa takalmi. In ka dubi hanyar da ta nufi iyaka da tsakar rana, sai ka ga raƙuma suna tafiya a kan ruwa, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Kusan kullum bayan la'asar hadari kan haɗu a gabas, baƙi wuluk, har mata su fara kwashe shanya, manoma su fito ƙofar gida da iri a aljihu. Sai iska ta taso ta yayyaga shi, ta bar mu da ƙanshin ruwan da ya sauka a wani wuri da ba mu sani ba. Tafkin Kalmalo ya janye can tsakiya, ya bar laka mai tsage-tsage. Masunta sun kife jiragensu suna haƙar gaiwa da fartanya kamar masu tonon rogo.

A gida komai an rage masa jiki. Sahur tuwon jar masara ne wadda ake samowa bayan dogon layi, miyar kuka ba mai. Ruwan da mai ga-ruwa ke kawowa ja ne, sai Asma'u ta jefa alif a randa ta bar shi ya kwanta kafin yamma. Inna kan jiƙa tsamiya tun azahar. Kunun buɗa baki tsararo ne, har kana ganin gindin kwano, sukari kuwa sai a labari. Bayan la'asar ba mai yawan magana, don magana ma tana cin yawu.

Baffa Altine shi ya yi kiwon shanun mahaifina tun kafin a haife ni, rugarsu tana bayan gari. Garken da a da sai an hau tudu ake ganin ƙarshensa, fari ya cinye shi, wasu sun mutu, wasu an sayar kafin su mutu. Saniya ɗaya ta rage mai nono, ja ce mai farin goshi, ana kiranta Wule. Surukarsa, matar ɗansa, ta haihu a farkon bazara, yunwa ta ƙafar da nononta, don haka jaririyar da nonon Wule take rayuwa, ana ɗiga mata da ludayi.

Wata safiya matar Baffa, Goggo Dije, ta shigo gidanmu. Ban taɓa ganin ta wuce ƙofar nan ba ta rusuna saboda ƙwaryar da ke kanta ba, sai ranar.

"Dije, lahiya?" in ji Inna.

"Wule ba ta kwana gida ba, Yaya. Hadarin jiya ne. Ta ji ƙanshin ruwa, ta tsinke igiya ta bi shi."

"Jinjirar fa?"

"Ruwan gero muka ba ta. Tana sha, tana maidowa."

Baffa ya iso da yamma, ƙafafunsa fari fat. Ya bi sawu har bakin iyaka, iska ta share shi. An ba sankira cigiya, ya kewaye gari yana shela, amma muryar sankira ba ta kai ƙauyuka. Abin da kowa ke tsoro, ba wanda ya faɗa, shi ne ranar kasuwa da ke tafe. A irin wannan shekara dabbar da ba a san mai ita ba ba ta daɗewa a kara, wato kasuwar dabbobi. In ba ta faɗa hannun mahauta ba, za ta hau babbar mota zuwa kudu.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗanta na fari. Ta dubi bango kusa da ni ta ce, "Wanga da gwamnati ta ba injin magana, shi ba shi da abin cewa?"

Na ce wataƙila za a iya buga cigiya a takarda a liƙa a kara, in shugaban ƙaramar hukuma ya yarda, in akwai tawada, in kuma doka ba ta hana a yi wa mutum ɗaya aiki da kayan jama'a ba, wanda ban tabbata ba tukuna.

"Bello," in ji Baffa, "kahin ka gama jera in ɗinka, saniya ta kai Ikko. Bafillacen da ya bada sanda ya amshi biro, ai sai haƙuri."

Na tambaye shi kamanninta don in rubuta. Ya faɗi kalma ɗaya da Fulatanci ya yi shiru, kamar ya gama. Da na ce ya fassara, sai kalmar ta zama doguwar magana: farin goshin ya sauko a karkace kamar ludayi, ya kauce wa idon hagu, ƙahon dama ya sunkuyo yana duban kunne. Na rubuta, na karanta, na ga jar saniya mai farin goshi kawai, irin wadda ke cike da kara. Ga shi masu zuwa kasuwar nan, Fulani da Buzaye da mutanen ƙetare masu bi ta daji, kaɗan ne ke karanta boko.

Inna ta tashi ta buɗe adakarta, ta fito da hoto naɗe cikin ƙyalle. Wani mai hoto daga Ƙwanni, can ƙetaren iyaka, shi ne ya ɗauke shi wata sallah a shekarun wadata: mahaifina da Baffa a tsaye a ruga, sun ƙame kamar sojoji, ga wata karsana ta cuso kai tsakaninsu tana kallon mai hoton. Wule ce. Shi ne kaɗai hoton mahaifina da muke da shi.

"Aro na ba ka," in ji Inna, har yanzu tana duban bango. "Ba a yanka shi, ba a liƙa shi, ba a sa mai biro."

Shugaba ya yarda da ɗaga hannu ɗaya, bai ma bari na gama kawo dalilaina ba. Malam Isa ya ɗauko sitensil, wata siririyar takarda mai kakin zuma a jiki, ya zura a tafireta. Ya buga CIGIYA a sama da 'yan layuka a ƙasa, ya bi haruffan da alƙalamin ƙarfe yana yi wa ƙa da ɗa lanƙwasa, don tafiretar ba ta san su ba. Ya ƙara layi ɗaya da ajami. A tsakiya ya bar fili kamar tafin hannu biyu. Na miƙa masa hoton.

Ya dube shi, ya dube ni. "Ranka shi daɗe, injin ga bai san hoto ba. Rami kaɗai ya sani. Inda harafi ya huda, nan tawada ka bi."

Na san haka, ina jin, amma na sa rai ko akwai wata dabara. Na tambayi maɗaba'a a Sakkwato ta wayar ofis. Suka ce sai an aika hoton wani gari an zuba shi a farantin ƙarfe, ba zai dawo ba sai bayan sallah. Na yi tunanin mai hoton Ƙwanni, ko fim ɗin yana nan ya wanke mana da yawa. Kowa na ƙetarawa ta bayan gonaki, har masu tallan goro, amma ni ma'aikacin gwamnati ne, na ga kaina a tsaye gaban soja ina bayanin saniya, sai na fasa. A ƙarshe na gwada zana ta da alƙalamin ƙarfe. Abin da ya fito jaki ne mai ƙaho, kuma alƙalamin ya keta takardar. Malam Isa ya sake buga rubutun a sitensil na ƙarshe da ya rage a kabad, ya miƙa mini da hannu biyu.

Ranar bayan azahar na kwanta ƙarƙashin dogon yaro a bayan ofis, na rufe fuskata da tsohuwar jarida saboda ƙudaje. Ba barci nake ba, ba kuma ido biyu ba, irin halin nan da azumi kan kai mutum, inda sauti ke zuwa daga nesa kamar ta cikin rijiya. Rana na ratsa takardar. Daidai idona akwai hoton wani babban mutum yana yanka ƙyalle, amma da yake ya matso ƙwarai, sai mutumin ya watse. Babu hula, babu gemu, sai ɗigo-ɗigo, wasu a cunkushe, wasu a warwatse kamar gero a faifai. Na ɗaga jaridar sama, mutumin ya dawo. Na sauko da ita, ya sake watsewa. An taɓa gaya mana wannan a makaranta, na rubuta shi a jarrabawa ma, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ɗigo kuwa rami ne, in an huda shi.

Na isa gida ina tsoron faɗa, don kada abin ya zama na dariya. Asma'u, wadda ke ɗinkin hula tun tana budurwa, ta saurare ni har ƙarshe ta ce, "Malam, allura kake nuhi? To ka ce allura mana."

Da yake an hana ni sa wa hoton biro, na ɗaura masa zare a tsaye da a kwance, ya rabu gida-gida, yadda aka koya mana ƙara girman taswira. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na kwafe kan Wule a babbar takarda, inda duhu na sa duhu, inda haske na bari. Muka shimfiɗa jemammiyar fatar akuya a kan faifai, muka ɗora zanen, muka ɗora sitensil a kansa. Ana hango zanen ta ƙasa, dishi-dishi.

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa, a ƙarƙashin rumfa muka yi su. Sai da rana ake iya aikin, don fitila ba ta nuna zanen. Asma'u ta ɗauki wuraren duhu, wuya da kunnuwa, inda ake son huda a matse amma kada rami ya haɗe da rami. Inna ta sa tabaran mahaifina ta kama gefen farin goshin. Ni aka ba ni mafici, don zafi na narkar da kakin, kuma ɗigon gumi ɗaya zai iya ɓata wuri. In takarda ta ɗan tsage, sai in shafa jan ruwan gyara da Malam Isa ya ba ni, mai warin jan farce, mu jira ya bushe.

Goggo Dije ba ta taɓa allura ba. Takan zo da jaririyar a goye, ta zauna a bakin tabarma tana kallo.

"Idon ga ya yi hushi," ta ce wa Asma'u. "Wule ba ta hushi. Rage mai."

"Goggo, rami ba ya komawa."

"To ki buɗe mai na kusa, shi yi sanyi."

Ban san yadda ake sa ido ya yi sanyi da allura ba, amma Asma'u ta yi, Goggo ta gyaɗa kai. Daga nan ba abin da ake ji sai tsit, tsit na allura a kan fata, kamar farkon yayyafi a kan rufin kara. Wani lokaci nakan ɗaga kai in duba sama, in ga ba komai. Kukan jaririyar ma ya koma siriri, yana fita kamar ba daga bayan Goggo ba. Duk lokacin da ya tsaya, allurai biyun su ma sukan tsaya, har sai ya dawo.

Ana gobe kasuwa, da la'asar, Inna ta ajiye allura ta ce a ɗaga a gani. Na ɗaga sitensil ɗin sama da yatsu huɗu. Rana ta bi ta ramukan ta zubo a ƙasa, sai ga kan saniya na haske a kwance a tsakar gidanmu. Goggo ta miƙa ƙafa za ta taɓa, ta fasa.

Malam Isa ya jira ni a ofis duk da lokacin tashi ya wuce. Muka ɗaura sitensil a gangar injin, ya matsa tawada, na juya hannu a hankali ina jin kamar kowane juyi zai raba takardar biyu. Na farko ya fito baƙi ƙirin. Na biyu ma haka. Daga baya suka fara washewa. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da hancinsa.

"Ranka shi daɗe, kashin ƙuda ne wanga. Amma dai na ƙuda mai ilimi."

Da sassafe na liƙa takardun da ƙaro a jikin itatuwan kara da bangon rumfar dillalai. Shanu sun cika wurin, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, ba mai kuka a cikinsu. Manyan motoci sun ja layi a gefe, an sauke ƙofofinsu. Baffa ya shiga cikin shanun yana dubawa ɗaya ɗaya. Dillalai suka taru a gaban takardata, kowa ya kai fuska dab da ita, yadda ake yi wa rubutu.

"Mi na na wanga? Taswirar Makka?"

"A'a, ƙyanda ce ta kama takardar gwamnati."

Kunya ta rufe ni. Na juya na nufi bakin hanya, ina lissafin kwanakin da na sa tsofaffi biyu da matata suka ɓata da azumi a bakinsu, alhali da an bi ƙauyuka da ƙafa wataƙila da an dace. Da na yi nisa na waiga, ban san dalili ba. Wule ce a jikin itacen, ta karkato kai, ƙahonta ɗaya a sunkuye, tana kallona ta saman rawunan dillalai.

Na koma da sauri na ce su ja da baya. Suka ja suna dariya, sai dariyar ta ragu. Ɗaya ya ce, "Wallahi saniya ce." Haka na wuni a gindin itacen nan, maƙogwarona kamar an zuba toka, duk wanda ya matso in roƙe shi ya koma baya. Ina jin ba a taɓa yin cigiyar da ake korar mutane daga gare ta ba sai tawa.

Rana ta karkata, an fara loda motoci, ba labari. Baffa ya dawo ya tsuguna kusa da ni, bai yi mini ba'a ba, abin da ya fi tayar mini da hankali. Can sai wani mutum a kan jaki, da buhun albasa a gabansa, ya ja linzami tun daga nesa. Ya sa hannu ya kare rana.

"Wagga saniya mi ta kai bisa icce?"

Baffa ya miƙe. "Ka san ta?"

"Na san ta mana, ta cinye min rabin lambu. Tana ɗaure gidana, Darna Sabon Gari. Na gaya ma mai gari, ba wanda ya zo. Yau niz zaka in nemi dillali shi tai shi ɗauke ta, in huta da ciyarwa." Ya sake duban takardar. "Sai dai ta iccen ga ta hi ta ƙiba."

"Ta iccen ta ga damina," in ji Baffa. Ya riga ya kama igiyar jakin.

Washegari gab da magariba suka iso ruga, ina can ina jira tare da Inna. Wule ta rame har fatarta na lilo, hantsarta ta tsuke kamar tsohuwar jaka. Goggo ta wanke hannu, ta tsuguna, ta kafa ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. Ta ja, ba komai. Ta shafa, ta kira sunanta a hankali, ta sake ja. Saniyar ta tsaya ƙiƙam tana duban daji. Surukar tana zaune a ƙofar bukka da jaririyar a cinya, ba ta ɗaga kai ba.

Goggo ta ajiye ƙwaryar ta shiga bukka. Ta fito rungume da wani abu mai ƙafafu huɗu a sandare. Fatar ɗan maraƙin Wule ce, wanda ya mutu tun farkon bazara, an ɗinke ta an cusa mata ciyawa. Ba ta da ido, wuyanta a karkace, ciyawa na leƙowa ta ɗinkin. Ta barbaɗa mata kanwa a gadon baya, ta ajiye ta gaban saniyar.

Wule ta sunkuyar da kai ta shinshina. Ta yi wani ƙaramin gurnani daga can cikin ƙirji, ta fara lasa.

"Ka ga namu hoton, Bello," in ji Baffa ƙasa-ƙasa. "Shi ba ya son inji."

Goggo ta koma ta tsuguna da ƙwaryar, ta sake ja. Sai muka ji shi, siririn sautin nono a gindin ƙwarya, yana yankewa yana dawowa. Bai fi ya rufe gindin ba Goggo ta tashi. Ta ɗiba a ludayi, ta ɗiga a bakin jaririyar. Ta haɗiye. Aka ƙara mata, ta haɗiye. Muka tsaya a kanta mu duka, muna jira mu ga ko zai dawo. Ta yi ɗan motsi, ta buɗe hannu, ta rufe, ta yi barci da farin ɗigo a gefen leɓenta.

An daɗe da kiran magariba a cikin gari kafin wani a cikinmu ya tuna muna azumi.